Katunan Malam Hali Sun Je Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai wani ya matso ya ce, "Umaru, yaya Faranshi? An ce ka ga na'urar da ke karatu da kanta." Nakan ce lafiya lau, in kawar da zancen. Wasu sun ce rowar labari nake yi, wasu sun ce girman kai na sayo a can na haɗo da tsaraba. Ba ko ɗaya. Labarin ne ba shi da daɗin faɗi. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da ɗan laburaren da ke nan Gwandu. Ɗaki biyu ne da baranda. Ɗaki ɗaya na littattafan boko da jaridun da suka kwana biyu, ɗayan kuma na littattafan rubutun hannu, waɗanda ba namu ba ne. Mutanen Masama da Malisa da Kambaza da cikin gari ne suka kawo su ajiya, saboda tsoron gara da gobara da rigimar gado. Malam Hali, wanda na gada a aikin, shi ya bi gida gida yana roƙonsu shekara da shekaru har suka yarda da shi. Kowane littafi ya ɗaura masa lamba a jikin gafakarsa, ya yi masa kati. A gaban katin yakan rubuta lamba da sunan littafi da biro. A baya kuma yakan rubuta sunan mai shi da ƙauyensu da ajami, da alƙalamin kara da tawadar allo. Na taɓa yi masa tsiya, na ce Baba ga biro a aljihunka, me ya kai ka dama tawada? Ya ce da gangan ne. Ranar da mai amana ya zo ya karɓi kayansa, sai shi Malam Hali ya jiƙa yatsa ya goge sunan a gabansa, kowa ya ga an rabu lafiya. A jikin littafin kuwa ba ya rubuta komai, don a cewarsa ba a yi wa amana rubutu. Saboda haka duk duniya babu inda aka san wane littafi na wane gida ne sai a bayan katunan nan.

Ana tsakiyar zafin bazara takarda ta zo cewa wata ƙungiyar Turawa mai taimakon laburare za ta koyar da aikin kwamfuta a Yamai, mako uku, kuma kowa ya zo da katunan wurin aikinsa don a zuba su cikin na'ura. Aka ce in an gama za a aiko wa kowane laburare da tasa. Shugaban sashenmu ya ce in ɗauki na rubutun hannu, don su ne za su burge Turawa. Ban tsaya tambayar inda za mu samu wutar kunna ta ba, alhali ƙwan lantarki ɗaya ne a laburarenmu, shi ma rabonsa da haske tun kafin azumi. Murna ta hana ni tunani.

Ina cikin ɗaure kwalin sai ga Malam Joɗi, wani dattijon Bafulatani manomi daga Malisa, ya jingine kekensa a baranda. Ya ce littafin fiƙihun kakansu yake biɗa, wanda mahaifinsa ya kawo ajiya tun shi yana saurayi yana can wajen kiwo. Ɗansa ya dawo daga neman ilimi, yana so ya fara karantarwa da littafin gidansu. Aikin minti biyar ne in kwance kwalin in duba. Amma na riga na ɗaure, na yi masa ƙulli mai kyau, sai na ce ya yi haƙuri sai na dawo. Ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Washegari na shiga mota, muka wuce Kambaza, muka yi canji a Birnin Kebbi, na sauka Kalgo don in yi sallama da Malam Hali. Tun da ya bar aiki ya koma gidansu a can, idonsa ya yi rauni, sai abu ya zo dab da hancinsa yake gani. Na same shi a zaure. Ya sa aka kawo mini fura, ya shafa kwalin kamar mai shafa kan jika. Na yi ta zuba masa bayanin na'urar da ni kaina ban taɓa gani ba, yana jina. Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna.

"Umaru, wanga kwali kak ka bari a aza shi bisa mota. Cinyakka za shi zamna, zuwa da dawowa."

Na ce in sha Allahu, Baba. A zuwa kam na cika alkawari. Daga Kalgo zuwa Bunza, daga Bunza zuwa Kamba, kwalin yana kan cinyata a cikin wata tsohuwar Fijo da aka cusa mu kamar buhunan albasa. Wata mata mai kifi busasshe da ke gefena ta tambaye ni ko kuɗi ne a ciki. Da na ce takardu ne, ta dube ni da tausayi, ba ta sake yi mini magana ba har Kamba.

A kan iyaka na fara gane cewa baƙo ko da ido makaho ne. Jami'anmu na wannan gefe suka duba takardar gayyata suka ce in wuce. Na can gefen kuwa wani jandarma dogo ya sa na kwance kwalin, ya zaro katunan yana juya su. Ya ga lamba a gaba, ya ga sunayen mutane da garuruwa a baya, sai fuskarsa ta canza. Ashe zato yake katunan zaɓe ne ko na wata ƙungiya. Ya yi mini Faransanci, na yi masa Ingilishi, muka yi ta yi kamar kurame biyu, har Allah ya sa ya yi tsaki ya ce wani abu da Hausa. Ashe mutumin Dogon Dutsi ne. Muka koma harshen iyayenmu, cikin ɗan lokaci magana ta ƙare, har ya ce kakansa ma yana da irin waɗannan littattafai, gara ta cinye. Amma kafin nan ya riga ya hargitsa jerin katunan, motar da na shigo kuma ta gaji da jira ta tafi. A Gaya na kwana a rumfar tasha, na yi matashi da kwalin.

Daga Gaya zuwa Dosso zuwa Yamai hanya shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai shingen jandarma ba iyaka. Kowane shinge sai kowa ya sauka, a tattara katin shaida, a shiga da su wata bukka, a fito ana kiran suna ɗaya ɗaya kamar 'yan firamare. Mu nan in an tsayar da mota direba ne ke sauka ya yi magana, fasinja na ciki na gyangyaɗi. Can kuwa har tsohuwa sai ta sauko ta amsa sunanta.

Aka sauke mu a ɗakin kwanan ɗaliban wata makaranta da ke hutu, mutum biyu a ɗaki. Abokin zamana Malam Sanusi ne, mutumin Damagaram, mai kula da laburaren wata makarantar horon malamai. Mutum ne mai sanyi, ba ya gaggawar komai, ko shayi zai dafa sai ya ɗauki awa guda, ƙaramin kofi uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Abinci ya ba ni wahala. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, in ka gatsa sai dasashi ya yi jini. Da rana shinkafa da miya mai ruwa da ganyen da ba a dafa ba, wai a ci haka nan ɗanye kamar awaki. Sai da Sanusi ya kai ni wurin wata Bazabarma mai dambu da zogale a bayan makarantar na san ina duniya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne barcin rana. Da rana ta take, ofis da kanti duk a rufe, gari ya yi tsit, ba mai komawa aiki sai wajen la'asar. Na ce da Sanusi in da ma'aikacin gwamnati zai yi haka a wurinmu da an ce malalaci ne. Ya ce ku ma kuna yi, bambancin kawai ku a kan tebur kuke yi, mu a kan gado.

Mai koyar da mu wata Baturiya ce siririya mai yawan shan taba, kowa Madam yake ce mata, da tafinta ɗaya don mu 'yan ƙasar Ingilishi. Ranar farko na zauna gaban kwamfuta. Na danna harafi ɗaya na manta ban ɗaga yatsa ba, harafin ya cika layi uku, na miƙe tsaye ina salati don na zaci na lalata kayan mutane. Aka yi mini dariya har Madam ta ƙware da hayaƙi.

Amma gani ya kori ji. Aikin da ke cinye mini yini guda, na'urar nan kafin ka ƙifta ido ta gama. Ka rubuta kalma ɗaya, ta jero maka duk littafin da ke da ita. Ka ba da aron littafi, ta riƙe sunan mai aro da ranar dawowa, in ranar ta wuce ita za ta tuna maka, har ta rubuta masa takardar tuni. Ba neman kati a aljihun katako, ba lasar yatsa, ba katin da ya faɗa bayan kanta. Na tuna Malam Hali da shekarun da ya ƙarar yana jera kati har idonsa ya tafi, na ji tausayinsa. Kuma in faɗi gaskiya, a cikin tausayin nan akwai raini. Daga wannan mako na fara kallon kwalin kamar tsohon takalmi.

Da muka fara zuba katunanmu, sai na ga na'urar ta tanadi gurbin marubuci da sunan littafi da shekara da lamba, amma babu gurbin mai amana. Na yi wa Madam bayani ta bakin tafinta. Ta daɗe ba ta gane ba. A wurinsu littafin da ke laburare na laburare ne, ba ta taɓa jin ɗakin da rabin kayansa na mutanen ƙauye ba ne. Da ta gane abin ya burge ta, ta buɗe mini sabon gurbi da hannunta. Ajamina ba shi da ƙarfi, rubutun Malam Hali kuma ƙanana ne kamar sawun tururuwa, don haka Sanusi ne ke karanto mini ina bugawa, lokacin da sauran ke barcin rana. Na tuna sarai mun wuce sunan gidan su Malam Joɗi, har na ce a raina ga na mutumin Malisa nan. Lambar ce ban riƙe ba. Don me zan riƙe, ga na'ura?

Ranar ƙarshe aka ba kowa aikinsa a cikin faifai, wani ɗan abu baƙi mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba. Aka ce mai so ya tsaya a buga masa a takarda. Na'urar bugawar ɗaya ce, tana tafiya kamar jakin da ya gaji, layi kuma ya yi tsawo. Sanusi ya ja kujera ya zauna jiran nasa, ya ce in zauna mu jira tare. Ni kuwa ban sayi tsaraba ba, kuma da asuba za mu tashi. Na ce ai tamu na'urar na zuwa, in buga a gida. Na tafi babbar kasuwa na sayo atamfa da sabulu mai ƙamshi da kilishi, da wasu kofunan shayi na gilashi irin na Sanusi.

Kofunan nan su suka kashe ni. A dawowa har Kamba ina fama da kaya biyu, kwali a cinya, jakar gilashi a kan kwali. A tashar Kamba ɗan kamasho ya ce mota ta cika, ba zai yiwu ba, ɗaya ya hau sama. Maganar Malam Hali ta faɗo mini, ba zan ce na manta ba. Amma na taɓa aljihun gaban rigata na ji faifan, na ce a raina sunayen ai suna nan. Gilashi na fashewa, takarda ba ta fashewa. Na miƙa kwalin aka ɗaure shi a sama tare da buhunan shinkafa, ba tamfol, don sama fes take kuma ba a fara ruwa ba a shekarar.

Mun yi nisa tsakanin Kamba da Bunza hadari ya taso daga gabas. Mutanen motar, yawancinsu manoma, suka hau hamdala. Ni na hau roƙon direba ya tsaya. Ya ce in ya tsaya a nan ba ko bishiya, kuma motar turi take so, wa zai tura a cikin ruwa? Aka tsuge da ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune da kofunan shayi a cinyata ina kallon ruwa na gangarowa ta gilashin taga, kuma wallahi na ga lokacin da ya fara saukowa da baƙi-baƙi.

A Bunza na sauko da kwalin, ya yi laushi kamar tuwo. Na buɗe a rumfar wani mai faci. Gaban katunan lafiya lau, biro bai san an yi ruwa ba. Bayansu kuwa dusu-dusu, wani fari tas, wani da ɗan inuwar harafi da ba ta karantuwa. Kaɗan daga tsakiya suka tsira. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka, ni da gemuna, mai faci na ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Na so in wuce Kalgo ban sauka ba. Ƙafata ce ta ƙi. Na tarar da Malam Hali a zauren nan, ya ji muryata ya yi murmushi, ya miƙo hannu yana neman kwalin. Da ya taɓa ya ji danshi, murmushin ya tafi. Ya zaro kati ɗaya ya juya, ya kai shi dab da idonsa, ya ajiye. Ya zaro wani. Ya yi haka ya fi sau goma, ni kuma ina ta magana, ina cewa kada ya damu, duk na zuba su a na'ura, ba suna ɗaya da ya ɓace. Na fito da faifan na sa masa a hannu. Ya jujjuya shi, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Kac ce suna ciki?"

"Suna ciki, Baba, dukkansu."

"To, karanta man guda."

Na dubi faifan da ke hannunsa. Ya jira, ba da gatse ba, da gaske yake jira. Da ya ji ba amsa sai ya miƙo mini abina.

"Shekara talatin ina goge suna," in ji shi, "ban taɓa goge na wanda bai amshi kayanai ba."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sauran labarin gajere ne. Wata biyu da dawowata takarda ta zo cewa ƙungiyar ta dakatar da aikinta a ƙasarmu, ba na'urar da za a aiko. Na kai faifan Birnin Kebbi, na kai shi Sakkwato wurin masu buga takardu da kwamfuta. Suka sa, ta nuna wasu tarkacen alamomi, suka ce tasu ba ta san irin tsarin da aka yi aikin da shi ba, sai irin ta can. Na nemi izinin komawa Yamai, shugabanmu ya ce tafiya ɗaya aka amince. Na rubuta wa Sanusi wasiƙa biyu, har yau shiru. An kuma gaya mini zafi da ƙura na cin irin wannan faifai, don haka na naɗe shi a tsumma na sa a cikin tukunyar ƙasa a ƙuryar ɗaki, inda ya fi sanyi. Duk Asabar ina zuwa Kalgo da katunan da biro, in karanta wa Malam Hali lamba da sunan littafi, shi kuma ya lalubo mai shi a ƙwaƙwalwarsa. Wasu yana tunawa nan take. Wasu sai ya ce ko gidan wane ko gidan wane, kuma ya hana ni rubuta abin da ba shi da yaƙini a kai. Kowane mako abin da yake tunawa raguwa yake yi.

Malam Joɗi ya dawo. Ya jingine kekensa a inda ya jingine wancan karo, ya yi mini barka da hanya, ya tambayi mutanen Faranshi. Na shiga ciki na fito da littattafan fiƙihu huɗu iri ɗaya, kowanne a tsohuwar gafakarsa, waɗanda Malam Hali ya ce na gidan Joɗi na cikinsu amma ba zai rantse kan wanne ba. Na jera su a tebur, na gaya masa duk abin da ya faru, ban rage komai ba, har kofunan shayin. Shi bai taɓa ganin littafin da idonsa ba, mahaifinsa da ya san shi kuma ya daɗe a ƙasa. Don in sauke nauyin da ke kaina na ce ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi, ai karatun ciki ɗaya ne.

Ya dubi littattafan, ya mayar da hannuwansa baya kamar mai tsoron su taɓa shi.

"In ɗauki na wasu in kai ma ɗiyana? A'a, Malam. Namu na hannunka, amana ta. Hwaɗa man dai ranad da za ni dawo."

Ba ni da ranar da zan ba shi. Bakina ne ya ce bayan kaka, don a lokacin kaka na da nisa. Ya ce Allah ya kai mu, ya hau kekensa ya tafi.

Jiya da na fito daga Kalgo na duba gonakin bakin hanya. Gero ya riga ya fara nuna.